Ƙari Ba A Gane Shi Da Ido

Wanda ya san mazari cike da zare ya san siffarsa: tsakiya mai kauri, bakuna biyu masu tsini. Haka wasu ƙwayoyin halitta na jikin ɗan Adam suke, musamman na tsoka da jijiya. Idan suka hayayyafa fiye da kima sai su zama ƙari. Wani ƙarin yana zaune wuri ɗaya, kamar irin na mahaifa da mata da yawa ke fama da shi. Wani kuwa sankara ce da ake kira sarkoma, mai iya bin jini ta kai huhu. A taɓawa da gani, sau da yawa duka biyun ɗaya suke.

Bambancin yana fitowa ne a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Masani zai yanki ƙarin siriri ƙwarai, ya rina shi, sannan ya nemi alamu. Shin cibiyoyin ƙwayoyin girmansu ɗaya ne, ko wasu sun kumbura sun yi duhu? Ƙwayoyi nawa aka kama suna cikin rabuwa biyu? Akwai sashen da ya mutu? Ƙarin yana da iyaka, ko ya kutsa cikin naman da ke kewaye? A shekarar 1994 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka tsara ma'auni na ƙarin mahaifa bisa alamu uku: lalacewar siffar cibiya, mutuwar sashe, da rabuwa 10 ko fiye a filayen madubi 10. Haɗuwar biyu daga cikinsu ke nuna sankara. Alama ɗaya ba ta isa hukunci ba, domin akwai ƙari mai saurin girma da yawan rabuwa wanda ba ya kisa, akwai kuma mai kama da salihi alhali mugu ne.

Saboda haka, duk ƙarin da aka cire a Tambuwal ko Kebbe bai kamata a binne shi ko a jefar ba. A saka shi cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, a aika Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Wanzami kuwa ya bar wa likita wannan aiki.

Wani zai ce hanya da nisa, kuɗi kuma babu. Gaskiya ne. Sai dai kwalba ce za ta yi tafiyar, ba majinyaci ba. Sarkomar da aka cire ba a san sunanta ba takan dawo, kuma kuɗin jinyarta a lokacin ya fi na gwajin nesa ba kusa ba.

Malamin kimiyya da ya nuna wa ɗalibansa cibiyar ƙwaya a fatar albasa ya fara wannan aiki. Ɗalibin da ya gan ta da idonsa shi ne zai tambayi likita sakamakon gwajin ƙarin da aka cire wa mahaifiyarsa.