Jinjina ga Mawaƙan Nima, Amma da Sauran Aiki

Kusan duk kiɗan da ya yi tashe a Amurka da Ingila tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai da ya ya da zango a Accra, kuma da wuya ya tashi yadda ya sauka. Mutanen garin nan suna da hannun juya baƙon sauti har ya koyi harshensu. Daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki, waɗanda aka fi tauye wa yabo su ne 'ya'yan Zango, yaran Nima da Maamobi da New Town, makwabtan Kokomlemle. Su nake nufi da wannan jinjina.

Kafin a zo kansu sai an ɗan waiwaya. A 1956 Louis Armstrong ya sauka a Accra da kakakinsa, ya tarar da E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos sun riga sun ɗauki bushe-bushen jaz da suwin, waɗanda sojojin Amurka da Ingila suka zo da su lokacin yaƙi, sun ɗora su a kan kiɗan gida, abin ya zama hailaif na gidajen rawa. Gidan rawa na Tip Toe da ke bakin shataletalen Circle, inda yau 'yan waya suka cika layin da shaguna, yana cikin wuraren da aka kwana ana taka wannan rawa. Da zamanin sol ya zo, aka yi taron Soul to Soul a Dandalin Black Star ranar 6 ga Maris, 1971, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana suka raba dare suna wasa. A daidai wannan lokaci Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio suna Landan da ƙungiyar Osibisa, wadda suka kafa a 1969, suna koya wa Turawa cewa ganga ma tana iya jan ragamar kiɗan rok.

Sai fitila ta mutu. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 aka sa dokar hana yawon dare, ta ɗauki shekaru fiye da biyu, gidajen rawa suka rufe, makaɗa suka watse zuwa Legas da Landan da Hambug.

A cikin wannan giɓi ne gambarar Amurka ta shigo, kiɗan da aka haifa a unguwar Bronx ta New York wajen 1973, tsakanin matasan da gari ya juya wa baya. Kaset ne ya kawo ta, da bidiyon da 'yan'uwa ke aikowa daga ƙetare. Da farko yaran Accra kwaikwayo kawai suke yi, har da karya harshe irin na baƙaƙen Amurka. Reggie Rockstone ne, bayan ya dawo daga Landan da New York, ya nuna cewa ana iya zuba gambara da harshen Twi, ya fitar da Makaa Maka a 1997, hiplaif ya samu suna da uba. Ya kuma taki sa'a, domin a 1995 gidan rediyon Joy FM ya buɗe a Kokomlemle, wurin da yaron Nima zai taka da ƙafa ya kai kaset ɗinsa, kuma rediyo mai zaman kansa ya fara neman sautin da matasa ke so.

A wannan lokaci ne ƙungiyar VIP ta fito daga Nima: Friction da Lazzy da Promzy da Prodigal da Bone. Wanda bai zauna Accra a waɗancan shekarun ba zai yi wuya ya gane nauyin abin da suka yi. Nima suna ne da ake furtawa da ƙasa-ƙasan murya. Mai neman aiki yakan ɓoye cewa can yake kwana, jarida kuwa ba ta tuna unguwar sai an yi faɗa ko babbar kwata ta yi ambaliya. Waɗannan samari suka ɗauki sunan suka sa shi a gaba, a baki da riga da bidiyo, ba kunya ba neman afuwa. Musulmi da Kirista ne a ƙungiya ɗaya, suna cuɗa Hausa da Twi da Ewe da Turancin titi yadda ake cuɗa su a kasuwar Nima kowace Laraba. Ahomka Womu ta fito a 2003, a 2004 suka kwashe manyan kyaututtukan kiɗan Ghana har da na gwarzon shekara, suka sake ɗaukar wannan kambu a 2011. Sun yi waƙa da 2Face Idibia tun kafin haɗin gwiwar Accra da Legas ya zama ruwan dare, kuma a 2017 Wizkid ya koma ga karin Ahomka Womu ya gina Manya a kansa. A 2014 Rockstone da kansa, uban tafiyar, ya shigo ƙungiyar 'yan Nima aka koma VVIP. Ga kuma Sallahfest, wasan da ake haɗawa a titin Nima bayan Sallah, kyauta, inda manyan taurarin ƙasa ke zuwa su yi wa talaka wasa a ƙofar gidansa. Yabon gwani ya zama dole. Allah Ya saka musu da alheri, su da ƙannensu masu rege da danshol da suka biyo sawu.

To amma, 'yan'uwana mawaƙan Zango, ku dubi abin da makwabta suka yi da darasin da kuka koyar. Yaran Kumasi sun ɗauki diril, wanda ya taso daga Chicago ya bi ta kudancin Landan, suka cika shi da Twi suka kira shi asakaa, har Stormzy, ɗan Landan mai uwa 'yar Ghana, ya zo ya hau waƙar Sore ta Yaw Tog a 2021. A Tamale, Fancy Gadam da Maccasio suna cika filin ƙwallo da Dagbani, kuma Fancy Gadam ya ci waƙar shekara ta ƙasa a 2018. Ina Hausa a wannan sahu? A yawancin waƙoƙinmu tana nan kamar yajin da ake barbaɗa wa tsire: kalma biyu a amshi, kirari ɗaya, sauran duk harshen wasu. D-Flex da wasu ƙalilan sun gwada riƙe ta daga farko har ƙarshe, ba su samu mataya ba. Wannan yana ci mini rai, domin babu mawaƙin Ghana da ke da kasuwa a shimfiɗe irin ɗan Zango. Harshen da ya tashi da shi ana jin sa daga Sabon Zango zuwa Lome, daga Yamai zuwa Maraɗi da Kano. A bikin aure a Maamobi za ka ji Ali Jita da Hamisu Breaker da Umar M. Shareef suna tashi a lasifika. Ya kamata a ce a Fagge da Sabon Garin Zariya ma ana jin muryar Nima, da Hausarta ta Ghana yadda take, ba tare da an goge mata launi don ta yi kama da ta Kano ba.

Abu na biyu ya fi gaggawa, domin ajali ba ya jira. Masu kalangu da masu goge, da iyayenmu mata masu waƙar sa lalle da ta suna, da maroƙan fadar sarakunan Zango, suna tsufa suna tafiya da abin da ke kansu. Hailaif ya yi ƙarfi ne saboda ya tsaya a kan kiɗan Ga da Fante da Asante. Farfesa John Collins ya kwashe shekaru yana tara faya-fayansa da hotunansa, Jami'ar Ghana da ke Legon tana da rumbun sauti mai sunan J.H. Kwabena Nketia. Namu fa, wa ke tarawa? Yaron da ke da kwamfuta da makirfo a ɗakinsa yana iya ɗaukar tsohon makaɗi a yini guda, ya biya shi haƙƙinsa, ya rubuta sunansa a jikin waƙar, ya kai ta GHAMRO, ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙan Ghana, a yi mata rajista don kada iyalinsa su tashi a tutar babu. Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017, bai kamata ya tsaya kan kwata da filin ƙwallo kaɗai ba. Ɗakin ɗaukar sauti ɗaya a Nima zai raba yara da yawa da zaman kashe wando. Iyaye da malamai kuma, maimakon tsinuwa daga nesa, su matso su ji abin da yaran ke faɗa, su gyara inda baki ya zarce.

Kirana ga masu shirya Sallahfest da duk mai riƙe da makirfo a Nima da Maamobi shi ne: a Sallah mai zuwa ku hau da masu kalangu da goge kan dandamali, ku ba su lokacin da jama'a ta fi cika, ku kuma zo mana da waƙa cikakkiya da Hausa.