A Auna Sukari Kafin A Sa Wuƙa

'Yan'uwana manoma da 'yan kasuwa, kowa ya san al'adarmu a ƙasar Funtua da Malumfashi. Mai gwaiwa ba ya zuwa asibiti sai kaka, bayan ya sayar da masara ko auduga. Da kuɗi sun shigo hannu sai ya matsa a yi masa aiki gobe-gobe. To, ku saurara kafin ku kwanta gaban likita.

Mai ciwon sukari in an yi masa aiki, mikinsa ya fi na sauran mutane saurin ruɓa. Cikin jinin kowa akwai waɗansu fararen ƙwayoyi, su ne dogaran jiki masu kama ƙwayoyin cuta. In sukari ya yi yawa sai su yi la'asar. Ciwon kuma yakan tsuke ƙananan hanyoyin jini, har jinin da zai haɗa fata ya kasa isa bakin miki sosai. Wahalar aikin ita kanta tana ƙara hau da sukari. Sai ɗinki ya buɗe, mugunya ta fito, wanda ya yi shirin kwana 5 ya share wata guda a gado, kuɗin auduga ya bi ruwa.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta, cikin mutum 100 da aka yi wa aiki, mikin 11 yakan harbu. Wannan fa har da masu lafiyayyen jini, balle mai sukari.

Abin haushi, fiye da rabin masu ciwon nan a Afirka ba su san suna da shi ba. Mutum na yawan fitsari da dare, ga ƙishirwa, ga rama, sai a ce zafi ne, ko a ce sammu. Alhali awon bai fi a tsira yatsa a ɗiga jini ba, minti ɗaya an gama. A 2017 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a riƙe sukarin wanda za a yi wa aiki ƙasa da 200 bisa ma'auninsu. Ashe jinin Ba'amurke ya fi na mutumin Kafur ko Bakori daraja ne?

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina, a manyan asibitocin Funtua da Malumfashi a auna sukarin duk wanda za a yi wa aiki, kyauta, kafin aiki da bayansa. Tun 1921 aka gano insulin a Kanada. Bayan shekara fiye da 100 bai kamata tsadarsa ta sa talaka ya riƙa tsallake allura ba.

Mu ma da namu laifin. Mai ciwon ya gaya wa likita gaskiya, ya nuna masa maganin da yake sha, har na gargajiya. 'Yan dubiya kuma, don Allah a bar cika wa majiyyaci gado da lemon kwalba da kunu mai sukari. Kada a barbaɗa wa miki toka ko garin magani, kada a koma ɗaukar buhu sai likita ya yarda.

In an ga wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zafi ko ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ko da bayan mako 3 ne da sallama, a koma asibiti ran nan. Kada a ce sai an tashi kasuwa.