SHARHI: Filin Jirgin Saman Lafiya da Lissafin Nisa da Lokaci

A watan Fabrairun 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe filin jirgin saman dakon kaya na Lafiya da ke Kwandere, aikin da aka soma a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura. Abin da ya kamata 'yan kasuwa su auna shi ne hanyoyin da za su iya ciyar da filin, domin jirgi ba ya tashi don alfahari.

Tsakanin Lafiya da filin jirgin saman Abuja kimanin kilomita 150 ne a miƙe, wato tafiyar da ba ta wuce minti 30 a sama ba. Amma matafiyi zai isa filin jirgi sa'a guda kafin tashi, sannan bayan sauka ya sake shiga mota ta kusan kilomita 40 zuwa tsakiyar birnin. Idan aka haɗa lissafi, ya yi kusan kunnen doki da wanda ya bi titin Akwanga da Keffi mai tagwayen hanyoyi. Bugu da ƙari, jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama, kuma kuɗin sauka ba ya raguwa don tafiya ta yi gajarta. Saboda haka kowace kilomita ta gajeriyar tafiya ta fi tsada.

Wasu kan kafa hujja da Kuala Lumpur da Singafo, inda nisan kimanin kilomita 300 ne, tafiyar sa'a guda, amma jirage ba sa yankewa. Sai dai can akwai iyakar ƙasa da ke jinkirta motoci, ga kuma fasinjoji masu canjin jirgi zuwa wasu nahiyoyi. Lafiya da Abuja ba su da ko ɗaya.

Ribar tana ga Legas, mai nisan kimanin kilomita 600 a sama. Tafiyar da kan cinye yini guda a mota za ta koma sa'a guda da 'yan mintoci. Kano ma, mai kusan kilomita 400, ta cancanci nazari.

Haka batun kaya yake. Doya, riɗi, shinkafa da ma'adinan Jihar Nasarawa suna da nauyi, farashin kilo guda kuma bai kai ya biya kuɗin jirgi ba. Hanyarsu ita ce tirela da layin dogon gabas da ya ratsa Lafiya, idan an farfaɗo da shi. Kayan jirgi su ne masu tsada da saurin lalacewa, kamar furannin da Kenya ke aikawa Turai.

Don haka wajibi ne gwamnatin jihar da masu zuba jari su fara da ɗakunan sanyi, tsayayyiyar wutar lantarki da wurin tantance ingancin amfanin gona, kana su nemi yarjejeniyar jigila zuwa Legas. In ba haka ba, kuɗin kula da filin zai ci gaba da fita daga baitulmali ba tare da ya dawo ba.