Canjaras Iri Biyu Ne a Darar Ches ta Yara

A darar ches, wanda ya yi nasara yana samun maki ɗaya, canjaras kuwa rabin maki ga kowa. Wannan rabin makin ne ke lalata wasu yaranmu a gasar matasa. Sai ka ga yara biyu sun zauna, sun yi motsi goma ko sha biyu, ɗaya ya miƙa hannu, ɗayan ya karɓa, shi ke nan an tashi kunnen doki. Kowa ya tsira da rabin makinsa, amma me aka koya?

Kada a fahimce ni ba daidai ba, akwai canjaras na gumi. Idan sarki ya rasa inda zai motsa alhali ba a kai masa hari ba, kuma babu wani ɗa da zai iya motsawa, ko tsari ɗaya ya maimaitu sau uku, ko kowa ya yi motsi 50 ba a ci ɗa ba kuma ba a taɓa ƙaramin soja ba, doka ta ba da damar canjaras. Yaron da ya yi awa huɗu yana kare kansa har ya ƙwaci rabin maki ya cancanci tafi, ba dariyar da muke yi masa a TikTok ba.

Matsalata ita ce canjaras na tsoro. Ku dubi Gukesh ɗan ƙasar Indiya. A Disambar 2024 a Singafo, wasa na 14 tsakaninsa da Ding Liren na Sin kowa ya ɗauka canjaras za a tashi. Gukesh ya ƙi sakin layi, ya ci gaba da matsa lamba har Ding ya yi kuskure. Yana da shekara 18 ya zama zakaran duniya. Da tun yana ƙarami ya saba da miƙa hannu da wuri, anya da ya kai nan?

Tun 2005 a gasar birnin Sofiya ta Bulgeriya aka hana 'yan wasa yi wa juna tayin canjaras, kuma dokar hukumar FIDE ta bai wa masu shirya gasa ikon kafa irin wannan sharaɗi. Masu shirya gasar yara su yi amfani da shi mana! Iyaye da masu horarwa su ma su daina tambayar maki nawa aka samu kafin su tambayi yadda aka buga. Yaro ya faɗi ya zauna ya gano inda ya kuskure, wallahi ya fi masa amfani a kan rabin makin da bai yi wa gumi ba.