Zuciyar Kifi da Alƙalaminmu

Maudu'inmu na wannan mako zai ba wasu mamaki, don kifi za mu tattauna a kai, zuciyarsa ma kuwa.

Duk wanda ya san fadamun Tambuwal da Kebbe, daga Romon Sarki zuwa Kuchi, ya san yadda ruwa ke ja da baya idan rani ya kama. Tafki ya koma kududdufi, kududdufi ya koma taɓo. Giwan ruwa ba ya jure wannan hali, karfasa ta ɗan daure, tarwada ta fi su taurin rai, gaiwa kuwa sai ta nutse cikin laka ta jira damina. Kowane masunci ya san wannan jeri. Abin da ba a cika rubutawa da Hausa ba shi ne dalilinsa, mu kuwa muna ganin aikinmu ne.

Ruwa ba ya riƙe iskar oksijin da yawa. Ruwa mai sanyin ƙanƙara kan ɗauki kusan miligiram 14 a kowace lita, idan zafinsa ya kai digiri 30 kuwa sai ya sauko zuwa wajen 7 da rabi. Da dare kuma gansakuka da sauran tsirran ruwa su ma shaƙar iskar suke yi, shi ya sa masu kiwon kifi ke ganin kifi na taso da baki sama da asuba. Ga kuma wani ƙarin nauyi: a yawancin kifaye, jinin da ke isa zuciya shi ne wanda ya gama zaga jiki, sauran gaɓoɓi sun riga sun kwashi rabonsu. Wato zuciyar kifi ragowa take ci, kamar uwar gida da ta gama raba tuwo.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsokar zuciya akwai wasu 'yan mitsitsin murahu da masana ke kira maitokondiriya. Nan ake ƙona sukari da oksijin a samu makamashin da ake kira ATP, wanda da shi tsoka ke matsewa ta saki. Idan akwai oksijin, ƙwayar sukari ɗaya kan ba da ATP kusan 30. Idan babu, 2 kacal ake samu, sannan wani tsami mai suna laktik ya taru ya gurɓata ƙwayar. Zuciyar ɗan Adam ba ta jure wannan, idan jijiyarta ta toshe, ba a cika rabin awa ba tsoka ta fara mutuwa. Kifi mai juriya kuwa tsimi yake yi. Yana rage bugun zuciya, jini ya ɗan daɗe a ciki, tsoka ta samu lokacin tsotse ɗan abin da ya rage, buƙatar ATP kuma ta ragu har abin da ake samu ya isa. Haka aka gani a binciken da aka yi kan karfasa. Akwai kuma wani furotin, HIF, da ƙwayar halitta ke ƙerawa tana rushewa kullum muddin akwai oksijin. Da zarar iskar ta yi ƙaranci sai ya daina rushewa, ya taru, ya ba da umarnin a ƙara jajayen ƙwayoyin jini da hanyoyin sarrafa sukari ba tare da iska ba. Gano wannan ne ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza lambar Nobel a 2019.

Wani kifin tafkunan arewacin Turai, ɗan uwan jan kifin nan da ake sa wa a kwalba don ado, ya wuce nan. A 2004 masu bincike suka nuna zuciyarsa ta yi kwana 5 tana aiki daidai a ruwan sanyi da babu oksijin ko kaɗan. Dabararsa ita ce mayar da tsamin nan ya zama barasa, ya fitar da ita cikin ruwa.

To, a nan ne muke so a yi hattara. Gaiwa da tarwada ba irin wannan hanya suka bi ba, kuma marubucin da ya haɗa su wuri ɗaya ya yi wa mai karatu ƙarya. Tarwada tana da wata gaɓa mai rassa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita. Gaiwa kuwa huhu gare ta. Idan ta shiga laka, yauƙin jikinta ya bushe ya zama mata kwanso, ta bar 'yar kafa ta numfashi, bugun zuciyarta ya sauka ƙwarai, ta yi watanni a haka. Bahaushe kan ce gaiwa jikinta take ci. Da muka duba abin da masana suka samu, ashe maganar tana kan hanya: tsokarta take narkarwa a hankali ta rayu da ita, dattin da ya fito kuma ta mayar da shi yuriya, wadda ba ta kai amoniya guba ba, ta adana har ruwa ya dawo. Kakanninmu sun lura, ma'auni ne kawai ba su da shi.

Za a ce mana Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Wannan uzuri ya tsufa. Turawa ma daga Girkanci suka aro maitokondiriya, ba su kuma ji kunya ba. Harshen da ya hausantar da asibiti da allura da injin ba zai gaza a nan ba. Abin da ke da wuya shi ne marubuci ya zauna ya fahimci abin kafin ya ɗauki alƙalami, kuma ya san inda kwatance ya ƙare. Murhu da muka ce ɗazu, misali, ba wuta ce ke ci a cikin ƙwayar halitta ba, kada ɗalibi ya je ya rubuta haka a jarrabawa ya ce mu muka faɗa masa.

Haɗarin barin fagen kuma a bayyane yake. Idan ba mu rubuta ba, wani zai tsinci rabin labarin a intanet, gobe a ji shi da lasifika a kasuwar Tambuwal yana cewa man gaiwa na warkar da ciwon zuciya. Gaskiya ne likitoci na nazarin zuciyar kifi, tun a 2002 aka nuna wani ɗan kifi mai zane-zane yana sake tofo da kusan kashi 20 cikin 100 na babban ɗakin zuciyarsa da aka yanke, cikin wata biyu. Amma wannan bincike ne, bai zama magani ba, cin kifin kuma ba ya gadar wa mutum wannan baiwa.

Ba mu ce a bar labaran soyayya ba, mu ma muna karanta su. Muna dai cewa mai son rubutu a mako mai zuwa ya nemi dattijo cikin Sarkawa ko masuntan garinsu, ya tambaye shi wane kifi ke fara mutuwa idan ruwa ya ja, da yadda ake gane wurin da gaiwa ta kwanta, sannan ya nemi malamin bayoloji ya gwada maganganun biyu. Ya kawo mana shafi ɗaya a nan zauren, mu karanta tare.