NAZARI: Wa ke biyan hutun jegon matan Bici?

A watan Satumban 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu. Ma'aikaciyar tarayya kuwa mako 16 take samu. Legas ta kai hutun ma'aikatanta mata wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. An yi ta yabo, amma mata nawa wannan ci gaban ya shafa a Bici?

Malamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin tana ciki. Mai soya ƙuliƙuli, mai sussukar gero da mai kitso ba sa ciki. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya tanadi mako 12 da aƙalla rabin albashi, amma ga wadda wani ya ɗauka aiki kaɗai. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ma'aikatu ko kamfanoni masu rajista suke ba. Ranar da mai ƙuli ta sauke kasko, ranar cinikinta ya tsaya.

Za a ce ai al'ada ta tanadi wankan jego na kwana 40. Gaskiya ne, sai dai masu rajin haƙƙin mata suna tambayar wanda ke biyansa. Uwa ce ke ajiye sana'arta ta hura wutar wanka. Kaka ce ke dama kunun kanwa. Ƙanwa ce ake tsayarwa daga makaranta ta yi raino. Hutun mace ɗaya gumin mata uku ne, kuma babu kasafin da ya san da shi.

Ko a wurin masu albashi akwai tarko: tunda daga aljihun mai ɗaukar aiki kuɗin ke fita, yana da dalilin gudun ɗaukar amarya. Hutun uban kuma bai wuce suna da nisa ba, ya bar sauran arba'in ga mata.

Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nemi mako 14 da biya daga asusun inshora ko baitulmali. Najeriya ba ta amince da ita ba. Masu neman ƙuri'ar matan Bici su faɗa mana: nawa suka ware wa mai jegon da ba ta da albashi?