Matasa da kujerun majalisar dokoki: Me ya sauya a Gaya da Ajingi?

A ranar 31 ga watan Mayun 2018 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan gyaran kundin tsarin mulkin Najeriya da ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar dokokin jiha daga 30 zuwa 25.

Sai dai doka daban, samun tikitin jam'iyya daban.

A mazaɓar Ajingi, Abdul'aziz Garba Gafasa ya daɗe yana riƙe da kujerar, har ya shugabanci majalisar dokokin Kano mai kujeru 40 a lokuta biyu, kafin ya ajiye shugabancin a watan Disambar 2020.

A Gaya kuwa, Kabiru Ibrahim Gaya ya zama gwamnan Kano a 1992 yana ɗan shekara 39. Daga baya ya shafe shekara 16 a majalisar dattawa, har Kawu Sumaila ya kayar da shi a 2023.

Wato a can baya ma matasa sun taɓa hawa manyan kujeru a Kano. Abin da ya fi tare musu hanya a yau shi ne kuɗi da iyayen gida. A zaɓen 2023 jam'iyyar APC ta sa wa fom ɗin takarar majalisar jiha naira miliyan biyu, ko da yake ta yi wa matasa rangwame.

Amma a jihar Kwara, Rukayat Shittu ta ci kujera a wannan zaɓen tana da shekara 26.

Matasa ne ke cika layin zaɓe a Gaya da Ajingi, amma ƙalubalen da ke gabansu shi ne tsallake zaɓen fid da gwani.